Kafin Ka Kawo Teku Falonka: Magana Kan Kifin Banggai da Gidajenmu na Abuja



Yau za mu ɗan ajiye batun kuɗin wata da na taron ƙarshen wata, mu yi magana kan wani ɗan kifi da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Mun san wani zai ce, ana fama da tsadar masara da kuɗin haya, sakatare ya rasa abin rubutawa sai kifin ado? Dalilinmu shi ne abin ya fara shigowa gidajenmu. Tankin gilashi mai kifaye masu launi, wanda a da sai a otal ko ofishin manya ake ganinsa, yanzu ana samunsa a falon gidaje daga Gwarinpa zuwa Life Camp, daga Lokogoma zuwa Kubwa. Daga cikin masu wannan sha'awa kuma akwai waɗanda suka ƙoshi da kifin ruwan daɗi, suka fara hangen na teku, musamman matasanmu da ke kallon bidiyon Turawa a YouTube da TikTok. A irin waɗannan bidiyo, in ana lissafa kifayen teku da suka dace da ɗan koyo, da wuya a tsallake wanda masu sayarwa ke kira Banggai cardinal. Mu a nan za mu riƙa ce masa kifin Banggai.

Ga matsayarmu tun daga farko, don kada mu ɓata wa kowa lokaci. Duk wanda ba shi da tabbacin wuta dare da rana, ba shi da hanyar samun tataccen ruwa, kuma bai san daga ina kifin ya fito ba, to ya haƙura da shi. Ba mu ce kiwonsa laifi ba ne. Abin da muke cewa shi ne a Abuja, kifin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya saya, amma da yawa shi suke fara saya. Sakamakon haka kuwa asara ce iri biyu: kuɗin ɗan uwanmu ya tafi, sannan rai ya salwanta, ran wata halitta da dama can ba ta da yawa a duniya.

Wane ne wannan kifi?

Sunansa a wurin masana Pterapogon kauderni. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Walter Kaudern, shi ya fara tattaro samfurinsa a 1920, aka yi masa bayani a ilmance a 1933, aka kuma sa masa sunan mutumin. Girmansa ba ya wuce kimanin sentimita 8. Jikinsa ruwan azurfa ne, da baƙaƙen zane guda uku a tsaye, da fararen ɗigo-ɗigo a fikafikansa da wutsiyarsa mai baki biyu. Tsarin ɗigon kowane kifi daban yake da na ɗan uwansa, kamar zanen yatsun ɗan Adam. Ba ya yawan zirga-zirga, sai dai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa kamar an rataye shi da zare. Duk wanda ya gan shi zai gane abin da ya sa ake sonsa.

Asalinsa wuri ɗaya ne tak a duniya, wato tsibiran Banggai da ke gabashin tsibirin Sulawesi a ƙasar Indonesiya. A can ma ba ko'ina yake ba. Yana zama ne a bakin gaɓa, inda ruwa ba shi da zurfi, cikin ciyawar teku da rassan murjani. Masana sun ƙiyasta cewa in aka haɗa duk wuraren da yake iya rayuwa, ba su kai murabba'in kilomita 35 ba. Babban Birnin Tarayya da muke ciki ya haura murabba'in kilomita 7,000. Ke nan duk ƙasar haihuwar wannan kifi za ta shiga cikin yankinmu sau 200, har da saura.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda yake haihuwa. Masu kiwon tarwaɗa a Kuje da Gwagwalada sun san mace ɗaya na iya zuba ƙwai dubbai barkatai. Macen Banggai kuwa 'yan gomomi take yi, da wuya su kai 100. Da ta zuba, namijin zai kwashe su ya sa a baki. Zai riƙe su kimanin kwana 20 kafin su ƙyanƙyashe, sannan ya ci gaba da riƙe 'ya'yan a bakin nasa har wajen kwana 10. Duk tsawon wannan lokaci, kusan wata guda, ba ya cin komai. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce gare mu. Karfasar kogunanmu ma a baki take renon ƙwanta, sai dai a wurinta uwa ce ke yi. Akwai kuma wata 'yar uwarta a ruwan tsaki-tsakin gishiri na Legas wadda namijinta ke ɗaukar wannan nauyi.

Idan uban ya saki 'ya'yan, ba sa bin igiyar ruwa su yi nisa kamar 'ya'yan yawancin kifayen teku. Nan take suke faɗawa cikin ƙayoyin wata halitta mai dogayen tsinke kamar bushiya, su ɓoye a can har su yi ƙwari. Inda aka haife su nan suke girma, nan suke haihuwa, nan suke mutuwa. Saboda haka in masunta suka kwashe kifayen wani lungu, babu wasu da za su zo daga nesa su maye gurbinsu. Lungun ya zama kufai ke nan.

Abin da kasuwa ta yi masa

Shekaru fiye da 60 duniya ta manta da shi. A 1994 masanin kifi Gerald Allen ya je tsibiran, ya ɗauko hotunansa, labari ya bazu cikin masu kiwon kifin ado a Amurka da Turai. Cikin 'yan shekaru kasuwa ta buɗe. A shekarun 2000 an ƙiyasta ana kamo tsakanin 700,000 zuwa 900,000 a kowace shekara, alhali ƙiyasin duk waɗanda ke cikin teku a lokacin bai wuce miliyan 2.4 ba. Ku auna da garken shanu. Makiyayin da ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na garkensa kowace shekara, ga shanun ba masu yawan haihuwa ba, shekara nawa zai yi yana amsa sunan mai garke?

A 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A wannan shekarar ce Amurka ta nemi a sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, mai tsara cinikin irin waɗannan halittu tsakanin ƙasashe, a taron da aka yi a birnin Hague, amma aka janye buƙatar bayan Indonesiya ta ƙi amincewa. Tarayyar Turai ta sake kawo maganar a taron Johannesburg na 2016, nan ma aka janye. A 2016 ɗin dai Amurka ta sa shi cikin dokarta ta kare halittun da ke cikin haɗari. Ita ma Indonesiya a 2018 ta hana kama shi a yankin Banggai a watannin Fabrairu da Maris, da kuma Oktoba da Nuwamba. Wannan hikima mun san ta a gida. A Argungu ba a barin kowa ya yi su a Matan Fada yadda ya ga dama. Ana tsare wurin har lokacin biki, shi ya sa ake samun giwan ruwan da ake nuna wa duniya.

Adalci ne mu faɗa cewa ba masu tankin gilashi kaɗai ke da alhaki ba. Akwai masu kamun kifi da nakiya da guba suna ragargaza murjani, kamar yadda wasu a nan suka lalata koguna da gamalin. Akwai kuma mutanen yankin da ke kwashe bushiyar tekun nan suna ci, su bar 'ya'yan kifin babu maɓoya. Amma mai saye a Abuja ba shi da iko kan nakiya. Abin da yake da iko a kai shi ne kuɗin aljihunsa, da wanda zai miƙa wa.

Ku kuma duba tafiyar da kifin da aka kamo daga teku yake yi. Daga kwalekwalen masunci zuwa hannun dillali, daga nan zuwa Bali ko Jakarta, sannan a ƙulle shi a leda a sa a jirgin sama, ya yi canjin jirgi, ya sauka a nan. Kaso mai yawa na mutuwa tun kafin su bar Indonesiya. Waɗanda suka iso kuma a galabaice suke isowa, wasu ɗauke da wata ƙwayar cuta da aka san tana kashe irinsu cikin 'yan kwanaki, wadda ba ta da magani. Duk kifi ɗaya da ya kai falon mutum da rai, akwai 'yan uwansa da suka mutu a hanya. In shi ma ya mutu bayan mako biyu, mai gida ya ce a kawo wani, to an sake buɗe wannan layin daga farko.

Sauƙin da aka samu shi ne kifin na haihuwa a tanki. Akwai gonakin da ke ƙyanƙyasarsa da yawa, musamman a Tailan. Wanda aka haifa a gona ya saba da gilashi, ya saba da abincin da mutum ke ba shi, ya kuma fi juriya. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: na gona ne ko na teku? In ya fara kame-kame, a gode masa a wuce. In shigo da shi za a yi daga waje, a tabbata ya bi ta hannun hukumar NAQS, wadda ke duba dabbobi da tsirrai da halittun ruwa da ake shigowa da su ƙasar nan.

Wuta ita ce numfashinsa

A teku igiyar ruwa ce ke kawo wa kifi iska, ta kwashe ƙazanta. A falo kuwa famfo ne ke wannan aiki, shi kuma famfo da wuta yake tafiya. Da ya tsaya, iskar oksijin da ke cikin ruwan za ta fara raguwa. Ruwan gishiri dama can ya fi na daɗi ƙarancin riƙe iska da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk lokacin da ruwa ya ƙara ɗumi, iskar da yake riƙewa na ƙara raguwa. Ba kifin kaɗai ke shaƙa ba. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin matatar ruwan su ma suna buƙatar iska. In suka mutu, gubar da suke tacewa za ta taru. Shi ya sa wani lokaci wuta kan dawo, a ga kifi na yawo lafiya, bayan kwana biyu a wayi gari ya juya ciki sama.

To yaya wutarmu take? Bisa tsarin hukumar NERC, 'yan rukunin A, waɗanda suka fi kowa biya, an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana. Rukunin B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Wato ko wanda ke kan layi mafi gata na iya rasa wuta awa 4 a rana ba tare da an saɓa alkawari ba. Kuma duk mun shaida yadda babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024. Firji na iya jure wannan, talabijin ma haka. Tankin ruwan gishiri a daren bazara ba ya jurewa. Janareto ma ba mafita ba ce ita kaɗai, don sai da mutum a gida za a tayar da shi, ga kuma yadda farashin fetur ya koma tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ake buƙata shi ne inbata da batir, in da hali da sola, waɗanda za su karɓi aiki da kansu ko babu kowa a gida, sannan a ajiye ƙaramin famfon iska mai batir a gefe. Gida biyu maganin gobara.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce famfuna da fitilar tankin gaba ɗaya suna jan wat 100. A awa 24 sun ci yunit 2.4, a wata yunit 72. A farashin naira 225 da aka sa wa rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kama naira 16,200 a wata. Ba a sa na'urar sanyaya ruwa ba, wadda ta fi su duka cin wuta.

Ita kuma na'urar sanyayawar, ko ɗaki mai sanyi, kusan dole ce. Gaskiya ne kifin ɗan ruwan ɗumi ne, masu kiwonsa na riƙe tanki tsakanin digiri 25 zuwa 28. Amma a watan Maris zafin rana a Abuja na haura digiri 35, ga famfo da fitila su ma suna ƙara wa ruwa ɗumi. Teku saboda girmanta ba ta saurin ɗumama, ba ta saurin hucewa. Lita 100 a ɗakin da rana ke duka kuwa, zai yi zafi da azahar, ya huce da asuba, kuma wannan hawa da saukar ita ke karya garkuwar jikin kifi.

Ruwa, gishiri da haƙuri

Abuja na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, don haka ruwan tekun haɗa shi ake yi. Kowace lita na buƙatar kimanin giram 35 na gishiri, kuma ba gishirin miya ba. Gishiri ne na musamman da aka haɗa da sauran sinadaran da ke cikin ruwan teku, daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuma na bin dala. Tankin da ya dace da kifi biyu bai kamata ya gaza lita 110 zuwa 120 ba. Cika lita 120 zai ci gishiri sama da kilo 4. In ana sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako, kamar yadda ya kamata, a shekara za a ƙara wajen kilo 22. Nauyin tankin da ruwansa da duwatsunsa kuma ya kai na buhun siminti uku, ba abin ɗorawa kan teburin falo ba ne.

Ruwan da za a dama gishirin ma ba kowanne ba. Ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma ana sa masa kulorin don lafiyarmu, shi kuwa kulorin guba ne ga kifi. Ruwan bohal kowace unguwa da irin nata, wani da ƙarfe, wani da wasu sinadarai. Na 'yan ga-ruwa kuwa ba a ma san tarihin jarkar ba. Masu wannan kiwo na amfani ne da na'urar tace ruwa mai fitar da shi tas, babu komai a ciki. Lokacin hunturu kuma, da iska ta bushe, ruwan tanki na ƙafewa da sauri. Ruwa ne ke tashi, gishiri na nan, don haka kullum ruwan na ƙara ɗaci. Dole a riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri, kusan kowace rana, ana aunawa.

Akwai wani abin da bidiyon Turawa ba zai faɗa muku ba. Maganin sauro na feshi da muke yi kowane dare, da fiya-fiya da makamantansu, guba ce mai ƙarfi ga kifi, ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. Famfon iska kuma iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin tanki. Ɗakin da tanki yake ba a feshi a cikinsa, ko hayaƙin turaren wuta ma gara a nisanta shi. Maigidan da bai zauna da uwargida sun yi wannan magana ba, bai shirya ba tukuna.

Sai babban gwaji, wato haƙuri. Sabon tanki ba a zuba masa kifi. Kashin kifi da ragowar abinci na zama amoniya, mai ƙona matsatsin numfashinsa. Sai an jira bakteriyar da ke sauya amoniya zuwa abin da ba shi da illa sosai sun yaɗu cikin duwatsu da matata, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6, ana gwada ruwan da kayan gwaji. Duk wanda ya ce zai kawo tanki da safe, ya zuba kifi da yamma don a yi walimar tarewa gobe, to ganin kitse yake sa ku yi wa rogo. Haka kuma kada a ruɗu da hoton da ake ganinsu garke guda. A ƙaramin tanki, da biyu sun haɗa kai a matsayin miji da mata, sai su takura wa sauran har su hallaka su. Ɗaya ko ma'aurata biyu sun isa.

Abincinsa ma na komawa ga wuta. Nama yake ci, ƙananan halittun ruwa irin jatan lande 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ake sayarwa a daskare. In firiza ta narke ta sake daskarewa, abincin ya lalace. Sannan mu tambayi kanmu gaskiya: mu 'yan Abuja ne fa, da Sallah ta matso gari ke yin fayau, kowa ya nufi gida. Wa zai auna gishiri, ya cika ruwa, ya duba batir har kwana 10? Maigadi na da aikinsa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa abin da ba a koya masa ba, a dawo ana yi masa faɗa.

Abin da masu wani ra'ayi ke cewa

Wani zai ce kuɗinsa ne, ya yi abin da ya ga dama. Haka ne in labule ne ko kujera. Amma abu mai rai, da zarar ka tsare shi inda ba zai iya nema wa kansa abinci ko iska ba, ya zama amana a wuyanka. Kaza in ka manta da ita za ta yi tono, akuya za ta yi kuka maƙwabta su ji. Kifi a gilashi ba ya kuka, kuma ba shi da inda za shi.

Wani kuma zai ce in an daina saye, masuntan Banggai za su rasa abinci. Wannan magana ce mai nauyi, don talakawa ne irin namu na bakin Kainji da Tafkin Chadi. Sai dai abin da ke shiga hannun masuncin 'yan senti ne kaɗan kan kowane kifi, ribar na wurin dillalai da masu shaguna a ƙasashen waje. Kuma ranar da kifin ya ƙare a lungunsa, masuncin ne zai fara ji a jikinsa. Kamun da aka tsara, mai lokacin hutu da iyaka, shi ne gatan masunci. Saye barkatai daga masu tankin da kifi ke mutuwa a hannunsu kowane wata ba taimako ba ne.

Akwai kuma mai cewa kiwonsa a gida na taimaka wa jinsin, tun da yana haihuwa a tanki. Mun yarda da wannan, in mai kiwon ya ƙware. Da za a samu ɗan Abuja da zai iya ƙyanƙyasarsa har ya wadatar da masu sha'awa a cikin gida, mu ne za mu fara tallata shi a wannan shafi. Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai taɓa riƙe kifin ruwan daɗi shekara guda ba, ba daga nan zai fara ba.

Namu ma abin kallo ne

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, yayin da muke hangen kifin Indonesiya, Turawa da 'yan Asiya namu suke saye. Nijeriya ta daɗe tana fitar da kifayen ado na ruwan daɗi ta Legas. Akwai wanda suke kira kribensis, ɗan kudancin ƙasar nan mai jan ciki, wanda uwa da uba ke zagayawa da 'ya'yansu kamar kaza da 'yan tsaki, ga shi da sauƙin kiwo. Akwai ɗan ƙaramin nan mai ɗigon ja da shuɗi, Fundulopanchax gardneri, na yankin Binuwai da Kuros Riba. Akwai mai faffaɗan fikafikai kamar malam-buɗe-littafi da ke shawagi a saman ruwa. Akwai kurungu, wanda wani irinsa ke iyo a rigingine. Ga kuma gartsa, wadda ke iya leƙowa sama ta shaƙi iska, abin da ya sa ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta tayar mata da hankali kamar kifin teku.

Su ma rayuka ne, suna buƙatar tanki mai faɗi, da ruwa mai tsabta, da murfi, da kulawa. Amma zafinmu nasu ne, ba sa buƙatar gishirin dala, kuma kuskuren ɗan koyo ba ya zama ajalinsu nan take. Ga iyayen da ke son yara su koyi kula da halitta, wannan ya fi. Yaron da ke zuwa kasuwar kifi ta Kado yana ganin tarwaɗa da karfasa a baho, in ya ga danginsu na reno a falon gidansu, zai san kogunan ƙasarsa ba na miya ba ne kawai. Wanda kuma yake son ƙarin sani, muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja.

Shawararmu ga 'yan uwa

Wanda duk da haka zuciyarsa na kan kifin Banggai, ba mu hana shi ba, amma ya bi abin daki-daki. Ya fara da tankin ruwan daɗi, ya riƙe shi shekara guda cur, ya ga bazara ya ga hunturu. Ya tanadi inbata da batir da za su riƙe famfo aƙalla kwana guda babu wutar gwamnati, ya kuma gwada su kafin kifi ya shigo. Ya mallaki na'urar tace ruwa, da ma'aunin gishiri, da ma'aunin zafi, da gishirin wata 6 a ajiye. Ya cika tanki ya bar shi makonnin da muka ambata. Ya koya wa mutum na biyu a gidan duk abin da ya sani. Bayan duk wannan, sai ya nemi na gona, ɗaya ko biyu. In aka kula da shi, yana iya yin shekara 4 ko fiye yana faranta wa gida rai.

Muna kuma roƙon masu ba da shi kyauta, ko ga amarya, ko ga wanda ya tare a sabon gida, ko ga yaron da ya ci jarrabawa, su tambaya tukuna. Kyautar da za ta ɗora wa mutum kuɗin wuta da gishiri kowane wata, ta kuma hana shi tafiya Sallah da kwanciyar hankali, sai da yardarsa. Masu shaguna kuma da ke cikinmu, ku faɗa wa mai saye gaskiya ko da cinikin ranar zai wuce ku. Wanda kifinsa ya rayu shi ne zai dawo sayen abinci da gishiri shekara da shekaru.

Namijin Banggai na yin wata guda bai ci ba don 'ya'yansa 'yan gomomi su tsira. Wanda zai raba irin wannan halitta da tekunta, ko ya karɓe ta daga gona, mafi ƙarancin abin da ya kamata ya yi shi ne ya tabbata famfonta ba zai tsaya ba. Wanda bai iya ba tukuna, babu abin kunya, ya jira har ya iya.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyin duk abin da ke ƙarƙashin kulawarmu, ya ƙara haɗa kanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Abuja